Irin Kindirmon Inna

Ni dai na san ina da zuciya, ba sai wani ya gaya mini ba. Amma ranar Larabar da muka koma aiki bayan hutun Babbar Sallah, ko wace ce a matsayina sai ta yi abin da na yi.

Sunana Azumi. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina haɗa kindirmo a wani ƙaramin kamfani a Kurudu, a gefen Abuja. Mu tara ne duka, har da mai kamfanin, Oga Murtala. Wani Bafulatani mai suna Maude ne yake kawo mana madara da sassafe daga rugarsu, ni in dafa in haɗa, a zuba a robobi, direbanmu Albert ya kwasa ya rarraba a Garki da Apo. A jikin robar an rubuta yogot, don 'yan Abuja ba sa sayen abu sai da sunan Turawa, amma ni na san kindirmo nake yi.

Ga wanda bai sani ba, madara ba ta zama kindirmo haka kawai. Sai an dafa ta, ta huce daidai yadda yatsa zai iya jurewa, sannan a zuba mata ɗan kindirmon jiya. Shi muke kira iri. Kullum kafin a sa sukari nake ɗibar na gobe in ajiye. To nawa irin ba a kasuwa na samo shi ba, na Innata ne. Shekara talatin ta yi tana sana'a da shi a Keffi. Ranar da Oga ya ɗauke ni aiki ta zuba mini shi a kwalba, ta naɗe da tsumma, ta ce, "Ki kula, kada ki bar shi ya mutu." Bayan shekara biyu ita ta rasu. Ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba, wannan irin shi ne gadona.

Sai ga Angela.

Wata huɗu kafin Sallah Oga ya kawo ta, wai yana so mu fara kai kaya manyan kantuna, su kuma ba sa karɓa sai da mai kula da tsafta. 'Yar wajen Kafanchan ce, ta yi karatun abinci a jami'a, a haife na haife ta. Farar riga, hular leda, biro uku a aljihu, ga naɗin sitika a hannu kamar awarwaro. Komai ta gani sai ta manna masa lebul. Bokiti, ludayi, har tsintsiya sai da ta sa mata suna. Duk tukunyar da na haɗa kuwa, sai ta zo da ɗan kofi mai murfi ta ɗiba, ta rubuta wani abu, ta shige ɗan ɗakinta da shi. Ni a zatona magunguna take ɗiɗɗiga masa ta ga ko guba nake dafawa. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Na sa mata suna Madam Lebul, na kuma rantse ƙafata ba za ta taka ɗakin nan nata ba.

Ban da gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Ita ta ce, "Sannu, Mama," ni in ce, "Yawwa," ban ko ɗago ba.

A wurinmu in Sallah ta zo, Kiristoci ne ke leƙo kamfani su tayar da janareto saboda firiza. In Kirsimeti ta zo mu ma mu riƙe musu. Ranar Alhamis muka yi aikin ƙarshe, aka sayar da komai tas. Na juye irina a wata tsohuwar robar askirim, na ɗaure a baƙar leda, na tura shi can ƙasan firiza, yadda na saba yi duk shekara. Akwai wata takarda da Angela ta manna a murfin firizar tun tuni. Na gan ta sarai, ban dai karanta ba.

Ranar Laraba na zo da sassafe, Maude ya sauke madara, na ɗora tukunya, na buɗe firiza. Fes! An wanke ta, an goge, sai ƙamshin sabulu. Na zura hannu har kafaɗa. Babu baƙar leda.

Na ɗago. Na ce, "Wa ya taɓa firiza?"

Angela ta fito daga ɗakinta da murmushinta, tana jiran yabo. "Ni ne, Mama. Ranar Lahadi bayan coci na zo na wanke. Masu bincike za su zo wannan wata."

"Robar da ke cikin baƙar leda fa?"

"Wanda ba lebul? Na zubar. Na ɗauka ragowar abincin wani ne, har ya yi tsami."

Wallahi ban san lokacin da na jefar da ludayi ba. Na wanke ta tas. Na ce mata 'yar baƙin ciki, na ce karatun da bai koya wa mutum tambaya ba wahalar banza ce, na ce tun zuwanta na san sai ta kashe mu. Ma'aikata suka taru, Maude da ya riga ya hau babur ya sauko yana cewa, "Haba Hajiya, a yi haƙuri." Ita kuwa ta tsaya ƙyam, idonta ya kawo ruwa, amma ba ta sunkuyar da kai ba. Ta nuna takardar nan ta ce, "Wata uku wannan yana nan. Duk abin da ba suna ba kwanan wata, za a zubar. Na faɗa a mitin sau biyu."

Na ce, "Ki dafa takardarki ki sha!"

Na zagaya bayan kamfani har wurin zuba shara, ina tona da hannuna. Masu kwasa sun riga sun zo tun Litinin. A nan na durƙusa na yi kukan da rabona da shi tun rasuwar Inna. Abin da ban yi ba shi ne gaya wa Angela ko mene ne a robar. Sauran ma'aikata sun san ina da irina, amma ba wanda ya san daga inda ya fito, ko Oga. Ban ga dalilin da zan kwance wa wannan yarinya sirrina ba.

Oga ya ce abu mai sauƙi ne. Ya aika aka sayo iri na gari a 'yar fakiti, wanda manyan kamfanoni ke amfani da shi. Angela ta auna, na zuba, madara ta kama. A ido ba shi da aibu. Amma da na sa a baki, sai na ji kamar an jiƙa alli. Na roƙi Maude ya kawo mini kindirmon matarsa na gwada shi a matsayin iri. Mai kyau ne, ba zan yi masa ƙarya ba, amma ba shi ba ne. Na Inna yana da wani ɗan tsami da ke zuwa daga baya, bayan ka haɗiye, da ƙamshi kamar na sabuwar ƙwarya.

Ba ni kaɗai na ji bambancin ba. Kwana uku Albert ya fara dawowa da kaya. Ya ce kanikawan Apo, waɗanda shekara da shekaru suke karyawa da kindirmonmu da burodi, sun ce a tambayi Mama ko lafiya. Wata mai shago a unguwar Eriya 8 ta rage rabin abin da take karɓa.

Ni da Angela kuwa gaba sosai. In ta shigo in fita. In tana son sanin zafin tukunya sai ta tambayi Albert, Albert ya tambaye ni, alhali tsakaninmu bai fi taku uku ba. Bawan Allah har ya gaji ya ce shi direban mota aka ɗauke shi, ba direban magana ba. Ma'aikata suka rabu, wasu nata wasu nawa, har wurin cin abincin rana ya zama biyu. Abin ya fara ɗaukar wani launi da ba na so, don na ji wata tana cewa ai da gangan aka yi tunda lokacin Sallah ne. Na kwaɓe ta, amma ban fasa gabar ba.

Ranar Litinin Oga ya kira mu ofis. Mutumin kirki ne, sai dai shi a ganinsa duk rigimar duniya lemo mai sanyi da musabaha suna kashe ta. Ya yi ta wa'azi, mu 'yan gida ɗaya ne, kaza da kaza. Angela ta ce, "Mama, ki yi haƙuri in na ɓata miki rai. Amma na bi doka ne."

Wannan "amma" ɗin ya sake tunzura ni. Na ce, "Oga, sharaɗina ɗaya. Daga yau ko tsinke ba za ta zubar a kamfanin nan ba sai na gani na sa hannu."

Don in wulaƙanta ta na faɗa, ba don komai ba. Na ɗauka za ta yi gardama. Sai kawai ta ciro biro ta rubuta, ta ce, "Ba damuwa. Ya zama doka."

Ranar Alhamis sai ga ta da tire, ƙananan kofunan nan nata jere a kai, da takarda. Ta ce na zubarwa ne. Ko kallon tiren ban yi ba. Na bar ta tsaye minti goma ina goge tukunyar da ba ta da datti, sannan na ja layi a takardar na tura mata. Ta tafi ta zubar. Har yau in na tuna wannan rana sai na ji kamar in mari kaina.

Alhamis ta zagayo, sati uku cif da aikinmu na ƙarshe kafin Sallah. Da safe ta sake zuwa da tire, kofi huɗu a kai. A ranar na tashi da baƙin rai, don Albert ya gaya mini wani kanti a Garki ya ce a dakata da kawo musu. Na ce a raina, yau sai na gasa ta. Ɗaya bayan ɗaya zan buɗe, in duba, in shinshina, ta yi ta tsayuwa.

Na buɗe na farko, ya yi furfura a sama. Na ce, "Mts, ƙazanta." Na buɗe na biyu na kai hanci.

Na sake shinshinawa.

Ƙamshin rumfar Inna ne, da safe, lokacin da take buɗe ƙore. Ya tsufa, ya yi tsami, ruwa ya taru a kai, amma shi ne. Na dangwala yatsa na lasa. Na jira. Tsamin nan ya zo daga baya.

Na ce, "Mene ne wannan?" Ita ce maganar farko da na yi mata kai tsaye cikin sati biyu.

Ta ce, "Samfur ne. Kowane tukunya ina ɗiban kaɗan kafin a sa sukari, in ajiye a firij na sati uku. In kwastoma ya ce kayanmu ya ɓata masa ciki, sai mu duba. Waɗannan na satin kafin Sallah ne, su ne na ƙarshe."

"Ba ki ɗiga masa magani ba?"

"Wane magani? Ba na sa komai."

"Na wancan satin da na sa hannu fa?"

"Su ma haka, kofi shida."

Na dafe kai na ce innalillahi. Kofi shida na irin Inna na sa hannu aka zubar, da hannuna, don tsabar ƙin kallon yarinya. Na jawo kujera na zauna. Ta ajiye tiren tana kallona a tsorace, tana zaton wani sabon faɗan ne.

Na ce, "Angela, zauna." Ban taɓa kiran sunanta ba sai ranar.

Na gaya mata komai. Keffi, kwalba, tsumma, abin da Inna ta ce. Tun ban gama ba ta toshe baki da hannu, hawaye na zuba. Ta ce, "Mama, me ya sa ba ki faɗa mini ba? Na ɗauka iri ne kawai, kowane iri ɗaya ne. Mu a makaranta na fakiti aka koya mana. Da na san na mamanki ne, da tun ranar na kawo miki duk kofunan. Wayyo Allah, na zubar da mamanki a shara."

Ba "amma" a wannan karon. Na ce, "Ni ma da na karanta takardarki, da na rubuta ko da harafi ɗaya ne a robar. Kuma maganganun da na gaya miki a gaban mutane, ban kyauta ba. Ki yafe mini."

Ta ce, "Na yafe. Amma Mama, tashi, lokaci yana tafiya. Wannan abu ya tsufa, ban san ko yana da rai ba."

To wannan "amma" ɗin na yarda da shi.

Na farko dai ya lalace. Saura uku, kowanne bai fi cokali huɗu ba. Ni da zafin kaina na so in juye su duka a tukunya ɗaya in yi bisimilla. Ta riƙe hannuna ta ce a'a, in ɗaya ya gurɓace zai kashe sauran. A raba su, kowanne da kwalbarsa, madara kaɗan. Na buɗe baki zan ce yaushe aka haife ta, sai na rufe. Gaskiyarta ce.

Ta tafasa kwalabe uku da cokula a ruwan zafi. Na zaɓi madarar da Maude ya kawo da safen, na dafa kaɗan a ƙaramar tukunya. Da ta fara hucewa na tsoma yatsana, bayan ta sa na wanke hannu har sau biyu, na ce, "Yanzu." Ta tsoma ma'aunin zafinta ta duba, ta ɗago tana kallona.

"Arba'in da uku. Daidai abin da littafi ya ce. Mama, yatsanki ya yi jami'a?"

Na ce, "A Keffi ya yi digiri."

Muka zuba. Ta ce tsohon iri ba shi da ƙarfi, in zafi ya sauka ba zai tashi ba. Na ce wannan kuma fannina ne. Na kwance mayafina na naɗe kwalaben, ta kawo kular da take zuwa da abinci, muka jera su ciki da gorar ruwan ɗumi. Ta ce a ina za a ajiye da ba mai taɓawa? Wuri ɗaya ne, ɗakinta. Na tuna rantsuwata, na ce zan yi kaffara, na shiga.

Ranar nan aiki kawai nake yi, hankalina na kan kula. Albert ya dawo daga Apo ya gan mu muna magana, ya ja da baya ya sake duba ƙofa, wai ko ya ɓata hanya ne. Da azahar na so in leƙa, Angela ta tare ƙofa ta ce ko Oga ne ba zai buɗe ba sai awa takwas sun cika. Na yi salla na roƙi Allah. Na fito na tarar da ita a gaban kular, ido rufe, baki na motsi, tana nata roƙon.

Bayan la'asar muka buɗe. Kwalba ta farko ruwa tsululu, ba ta kama ba. Ta biyu ta kama amma tana kumfa, tana warin giya. Angela ta ture ta gefe. Ta ukun na ce ita ta ɗauka. Ta ɗaga ta a hankali, ta karkata.

Bai motsa ba. Ya kama gam, fari sol, samansa sumul.

Na sa cokali na kai baki. Na haɗiye, na jira. Sai na ji guɗa ta kuɓuce mini, irin wadda rabona da yi tun bikin ƙanwata. Ma'aikata suka rugo a guje suna zaton wuta ce. Suka tarar da ni rungume da Madam Lebul muna tsalle, hular ledarta ta faɗi ƙasa.

Ba mu yi gaggawa ba. Washegari muka tayar da lita biyu daga kwalbar, ranar Asabar lita goma, kowace rana yana ƙara ƙarfi. Ranar Litinin muka haɗa babbar tukunya. Ban gaya wa Albert komai ba, na ce ya kai Apo kawai. Da rana ya dawo motar wayam, yana dariya tun daga bakin get. Ya ce wani tsohon bakanike ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye sifana, ya ce, "Alhamdu lillahi, Mama ta warke." Oga ya yi ta yawo yana cewa ai shi ya san zaman da ya yi da mu zai yi aiki. Muka ƙyale shi. Wurin cin abinci ma ya koma ɗaya ba tare da kowa ya ce komai ba.

Da za mu tashi na ɗebi irin gobe a sabuwar roba. Angela ta zo da sitika da biro, ta tsaya nesa kaɗan. Na miƙa mata robar da kaina.

Ta ce, "Me zan rubuta?"

Na ce, "Rubuta Irin Inna. Ki ƙara da cewa duk wanda ya taɓa, shi da Azumi."

Ta rubuta har da wannan ɗin, ta sa kwanan wata.

Sai na ciro wata kwalba daga jakata. Tsohuwar kwalbar nan ce da na zo da ita daga Keffi, shekara goma sha ɗaya tana cikin akwatina. Na ba ta ta tafasa, na cika ta da iri, na naɗe da tsumma. Inna ba ta taɓa sayar da irinta ba, ba ta kuma taɓa ba wa bare ba, daga ni sai ƙanwarta da ta riga ta rasuwa. Ni kuma na riƙe shi ni kaɗai, na ɓoye a baƙar leda, har na kusa kashe shi.

Na ce, "Ungo. Ki kai gida ki sa a firij. Duk kwana uku ki tayar da shi da madara kaɗan, zan nuna miki. In nawa ya sami matsala, akwai naki."

Ta goge hannuwanta a farar rigarta, ta rusuna, ta karɓa da hannu biyu.

Na ce, "Ki kula, Angela. Kada ki bar shi ya mutu."